Hedfon Mai Rufe Kunne: Yadda Ake Zaɓen Mai Araha Ba Tare Da Asarar Kuɗi Ko Ji Ba

Duk wanda ya taɓa shiga kasuwar waya ta Farm Centre a Kano, ko Banex a Abuja, ko Computer Village da ke Ikeja a Legas, ya san yadda layin masu kayan sauti yake. Kwalaye ne jere tun daga ƙasa har rufi, kowanne da hoton hedfon mai sheƙi, an cika bayansa da lambobi da haruffa: awa 60, milimita 40, Bluetooth 5.3, Hi-Res, ANC, ENC. Matashi zai zo da kuɗin da ya yi wata biyu ko uku yana tarawa, mai shago ya sauko masa da kala huɗu ko biyar, ya kunna waƙa mai duka, ya ƙure sauti, ya ɗora masa a ka. Cikin minti biyu an gama ciniki. Sai bayan mako biyu ko uku ake gane cewa abin yana matse kai, ko wanda aka kira ba ya jin murya sosai, ko fatar soson kunnen ta fara ɓarewa.

Hedfon masu tsada, irin AirPods Max da kamfanin Apple ya fitar a ƙarshen 2020 a kan dala 549, ko Sony WH-1000XM5 da ya fito a 2022 a kan kusan dala 400, an yi su ne su haɗa komai: sauti, batir, makirfo, kashe hayaniya da daɗin sawa. Mai araha ba ya iya haɗa waɗannan duka. Kowane kamfani yakan zaɓi abu ɗaya ko biyu ya inganta, ya tsuke hannu a sauran. Saboda haka, kafin a tambayi wanne ya fi kyau, akwai tambayoyi uku da ya kamata mai saye ya amsa wa kansa: a ina zai riƙa saurare, me zai riƙa yi da shi, kuma wace waya ce a hannunsa.

Wanne ne mai rufe kunne?

Abin sauraro kala uku ne a kasuwa. Akwai iyafis da ake cusawa cikin kunne. Akwai hedfon da ke zama a kan kunne yana danne shi. Sai kuma wanda sosonsa ke zagaye kunnen gaba ɗaya, kunnen ya shige ciki. Wannan na ukun shi ne mai rufe kunne.

A hoto, na biyu da na uku suna kama da juna, kuma a nan mutane da yawa ke yin kuskure, musamman masu saye ta intanet. Sony WH-CH520 da JBL Tune 510BT, alal misali, a kan kunne suke zama. Sony WH-CH720N da JBL Tune 720BT kuwa suna zagaye shi. Wanda ke zama a kan kunne ya fi sauƙin kuɗi kuma bai cika nauyi ba, amma bayan awa ɗaya ko biyu yakan sa kunne ciwo, kuma hayaniyar waje tana shiga ta gefe. Gwajin mai sauƙi ne: idan aka sa hedfon, a ji ko soson yana taɓa kunnen kansa. In yana taɓawa ta sama ko ta ƙasa, to ramin ya yi wa mai shi kaɗan, ko da an rubuta cewa mai rufe kunne ne.

Tambayar farko: wace irin hayaniya ce a wurin?

Wanda ke karatu a ɗakin kwanan ɗalibai, da mai shago kusa da janareta, da mai yawan tafiya a motar haya daga Kano zuwa Kaduna, duk hayaniya ce ke damun su, sai dai ba iri ɗaya ba. Hedfon yana tare hayaniya ta hanya biyu. Ta farko ita ce soson da ke manne wa fata ya toshe iska. Wannan ya fi tasiri a kan sauti mai kaifi, kamar surutun mutane da ƙarar kwanuka. Ta biyu ita ce fasahar kashe hayaniya da ake rubutawa ANC.

Yadda take aiki shi ne: akwai ƙananan makirfo a jikin hedfon da ke sauraron hayaniyar waje, sai wata 'yar na'ura ta ƙirƙiri kishiyar wannan sauti ta tura cikin lasifika, su biyun su haɗu su kashe juna kafin su kai ga kunne. Injiniya Amar Bose ya fara tunanin yin irin wannan hedfon ne a cikin jirgin sama a 1978, lokacin da rugugin inji ya hana shi jin kiɗa. Kamfaninsa ya fitar da na matuƙa jirgi a 1989, na sauran jama'a kuma a 2000. Wannan tarihi yana nuna inda fasahar ta fi ƙarfi: sauti mai kauri da ke tafiya bai ɗaya ba ya canzawa, irin na injin mota, da janareta, da fanka, da na'urar sanyaya ɗaki. Hon ɗin Keke Napep, da kukan yaro, da muhawarar ƙwallo a majalisa, duk suna canzawa da sauri, don haka hedfon mai araha yakan rage su ne kawai.

Akwai tarkon da ya kamata a sani a nan. ANC daban, ENC daban. ENC tana tace muryar mai hedfon ne a lokacin kira, domin wanda ke ɗaya ɓangaren ya ji shi da kyau. Ba ta rage wa mai sanye da hedfon hayaniyar komai. Oraimo BoomPop 2, alal misali, da ENC ake tallata shi, kuma kamfanin bai ɓoye hakan ba. Matsalar tana tasowa ne idan mai shago ya ce wa mai saye duk ɗaya ne. Hedfon mai ANC na gaske yana da maɓalli ko wurin kunna ta da kashe ta, kuma da an kunna ana jin bambanci nan take, ko ba a sa waƙa ba.

Abin da ya fi kuɗin muhimmanci

Batun hayaniya ya wuce jin daɗi. Idan hedfon bai tare ƙarar janareta ba, abin da mutum ke yi shi ne ya ƙara sauti har waƙar ta danne ƙarar. A nan ne kunne ke cutuwa. Hukumar Lafiya ta Duniya ta yi ƙiyasin cewa matasa fiye da biliyan ɗaya, masu shekara 12 zuwa 35, suna cikin haɗarin rasa ji saboda sauraron sauti mai ƙarfi. A ƙa'idar da hukumar ta fitar a 2019 tare da Ƙungiyar Sadarwa ta Duniya, babban mutum zai iya sauraron sauti mai ƙarfin desibel 80 har na awa 40 a mako. Da an ƙara desibel 3, lokacin ya ragu da rabi. A desibel 90 awa 4 ce kacal a mako. A desibel 100, wanda hedfon da yawa ke iya kaiwa idan an ƙure su, ko rabin awa ba a kai ba.

Can cikin kunne, a wani sashe mai siffar katantanwa, akwai wasu ƙananan ƙwayoyi masu kama da gashi waɗanda ke mayar da sauti saƙon da ƙwaƙwalwa ke ganewa. Idan ƙara ta kashe su, ba sa sake tsirowa. Lalacewar kuma a hankali take zuwa, ba ta da zafi. Alamar farko takan zama wata 'yar ƙara kamar kukan gyare da ke ci gaba a kunne bayan an cire hedfon, ko mutum ya riƙa cewa a maimaita magana idan ana hira cikin taro.

Saboda haka, ga wanda ke zaune ko aiki a wuri mai hayaniya, ƙarin kuɗin da zai biya don samun soso mai rufewa da kyau da ANC ta gaske kuɗin kare kunne ne. Idan waje ya yi shiru, sauti kashi 40 ko 50 cikin ɗari ya wadatar. Shawarar hukumar ita ce kada a wuce kashi 60 cikin ɗari, kuma a riƙa cirewa ana hutar da kunne. Wayoyi da yawa suna da wurin ƙayyade iyakar sauti a cikin saitinsu, gargaɗin da ke fitowa idan an ƙure sauti kuma ba na ado ba ne.

Shirun yana da nasa haɗarin. Wanda ya rufe kunne yana tsallaka titi, ko yana tuƙa babur, ba zai ji abin da ke tahowa ta bayansa ba. Hedfon da yawa masu ANC suna da yanayin jin waje, wanda ke shigo da sautin muhalli ta makirfo. Yana da amfani ga mai jiran kiran salla ko mai tsaron shago, amma a kan titi abin da ya fi shi ne a sauke hedfon ɗin a wuya.

Mai igiya ko na Bluetooth?

Yawancin matasa na Bluetooth suke nema, kuma akwai dalili. Tun da Apple ya cire ramin iyafis mai milimita 3.5 daga iPhone 7 a 2016, manyan wayoyin kamfanoni da dama suka bi sahu. Sai dai wayoyin Tecno, Infinix, itel da Redmi masu matsakaicin kuɗi da yawa har yanzu suna zuwa da ramin. Mai irin wannan waya yana da zaɓin da ba a cika gaya masa ba.

A hedfon na Bluetooth, kuɗin da aka biya ya rabu tsakanin batir, da na'urar sadarwa, da makirfo, da maɓallai, sannan lasifika. A mai igiya kusan duk kuɗin a kan lasifika da jiki ya tafi. Shi ya sa Audio-Technica ATH-M20x, wanda ya daɗe ana sayar da shi a kan kusan dala 50, yake fitar da sauti mai tsabta fiye da na Bluetooth da yawa masu irin kuɗinsa. Sony MDR-7506 kuwa tun 1991 yake kasuwa, kuma har yau ana ganinsa a gidajen rediyo da wuraren ɗaukar sauti a duniya. Ba shi da batir da zai mutu, ba ya jiran wuta.

Sai batun jinkiri. Sautin da ke bi ta Bluetooth yakan makara kaɗan, sau da yawa kusan kashi ɗaya cikin biyar na daƙiƙa. Manhajoji irin YouTube da Netflix suna jinkirta hoton domin ya dace da sautin, shi ya sa mai kallo ba ya lura. A wasanni irin PUBG Mobile, Free Fire da Call of Duty ba a iya wannan dabara, don haka ƙarar harbi takan iso bayan an riga an ga wutar. Haka mai tace bidiyo a CapCut zai iya yanka a wurin da bai dace ba, leɓe ya saɓa da murya. Ga waɗannan mutane igiya ta fi, ko aƙalla hedfon na Bluetooth mai ramin saka igiya. Wannan ramin yana da wani amfanin: a yawancinsu, idan batir ya ƙare ana iya jona igiya a ci gaba da saurare. Sony WH-CH520 ba shi da ramin sam, WH-CH720N kuwa yana da shi.

Mai sayen hedfon mai igiya ya duba abu biyu. Na farko lambar ohm: daga 32 zuwa wajen 60 waya tana iya tura shi, amma mai ohm 250, irin wani samfurin Beyerdynamic DT 770 Pro, sautinsa zai yi ƙasa idan ba a haɗa shi da na'urar ƙara ƙarfi ba. Na biyu, ko bayansa a rufe yake ko a buɗe. Samson SR850 yana da araha kuma sautinsa na da faɗi, amma bayansa ba a rufe yake ruf ba, na kusa zai ji abin da ake ji, hayaniyar waje kuma za ta shigo.

Lambobin da ke jikin kwali

Ba kowace lamba ce ke da ma'ana ga mai saye ba. Girman lasifika, milimita 40 ko 50, ba ya nuna kyawun sauti. WH-CH720N milimita 30 ce a cikinsa, hedfon ɗin da ba a san kamfaninsa ba kuma zai iya ɗaukar 50 amma ya riƙa kwaraƙwaraƙ. Rubutun 20Hz zuwa 20,000Hz iyakar jin ɗan Adam ce kawai, kusan kowane kwali yana ɗauke da shi. Lambar Bluetooth, 5.0 ko 5.3, ta fi shafar dorewar haɗi da tattalin batir. Ita kaɗai ba ta ƙara wa waƙa daɗi. Tambarin Hi-Res da ke kan wasu, irin Soundcore Life Q30, yana aiki ne idan an jona igiya.

Haruffan SBC, AAC, aptX da LDAC sunayen hanyoyin da waya ke matse sauti ne kafin ta tura shi ta iska. Kowane hedfon na Bluetooth yana da SBC. iPhone tana amfani da AAC, ba ta san aptX ko LDAC ba, don haka mai iPhone da ya ƙara kuɗi saboda LDAC ya biya abin da ba zai mora ba. LDAC fasahar Sony ce, tana iya ɗaukar har kilobit 990 a daƙiƙa, kuma an shigar da ita tsarin Android tun daga Android 8 na 2017. Amma ko a Android sai asalin sautin yana da inganci take nuna kanta. Waƙar MP3 mai kilobit 128 da aka turo ta WhatsApp ko Xender ba za ta gyaru ba don an bi da ita ta hanya mai faɗi.

Lambar da ta cancanci a tsaya a kanta ita ce ta batir, musamman inda wuta ba ta da tabbas. Hedfon mai awa 40, idan ana sauraron awa 4 a rana, kwana goma zai yi kafin ya nemi caji. A lura da cewa kamfanoni sukan ba da lamba biyu, ɗaya da ANC a kunne, ɗaya a kashe, kuma babbar ce ake bugawa a gaban kwali. Awon kuma a matsakaicin sauti ake yinsa. A duba kafar caji ma: USB-C tana nufin caza ɗaya ta ishi waya da hedfon. Tsohon Soundcore Life Q20 na 2019 da kafar micro-USB ya fito, Q20i da ya biyo baya kuma da USB-C, ga sunayen kusan ɗaya.

Zafi, gumi, hula da tabarau

Yawancin masu gwada hedfon a YouTube a ƙasashe masu sanyi suke. A Sakkwato, Maiduguri ko Kano, inda zafi ke haura digiri 40 a bazara, hedfon mai rufe kunne yana da wata jarrabawar. Soson kusan duk masu araha fatar roba aka lulluɓa masa. Tana tara gumi, kuma gumi da zafi su ne ke sa ta tsattsage ta riƙa zuba baƙi-baƙi a kunne da wuyan riga. Goge soso da ƙyalle mai laushi bayan an cire yana ƙara masa kwana. Kafin a saya, yana da kyau a tambaya ko ana cire soson a sauya. Na sanannun samfura ana samun sosonsu daban, na marasa suna kuwa da soso ya mutu hedfon ya mutu. Yawancin masu rufe kunne ba a yi su don jure ruwa ko gumi mai yawa ba, don haka mai motsa jiki ya fi dacewa da iyafis. Batir ma ba ya son zafi. Barin hedfon a cikin motar da aka ajiye a rana yana rage masa rai.

Nauyi yana da tasiri ga mai sawa na awanni. WH-CH720N giram 192 ne, Life Q30 kusan 260, AirPods Max kuwa kusan 385. Sannan duk abin da ya shiga tsakanin soso da fata yana buɗe kafar iska, kaurin sauti ya tsere, hayaniya ta shigo. Ƙafar tabarau mai kauri tana yin haka, haka bakin hula, da kitso mai tudu, da ɗankwali ko hijabi. Saboda haka mutum ya gwada hedfon a yadda zai riƙa sa shi kullum: mai tabarau da tabaransa, mai hijabi a kan hijabinta.

Inda masu araha suka fi karyewa shi ne gaɓar da ake naɗewa da wurin da ake ja a ƙara tsawo. Wanda aka sa wa ƙarfe a cikin bakan da ke kan kai ya fi na roba zalla jure jefawa cikin jaka.

Abin da ke kasuwa, daki-daki

A can ƙasa akwai marasa sunan kamfani, irin P47 da P9. P47 yana da rediyon FM da wurin sa memori, P9 kuma siffar AirPods Max aka kwaikwaya. Kuɗinsu kaɗan ne, kuma masana'antu daban-daban ne ke yin su, shi ya sa guda biyu masu suna ɗaya ba lallai su yi sauti ɗaya ba. Ba su da manhaja, ba su da garantin kamfani, ba su da ANC ta gaske. Kowa ya sayi rariya ya san za ta zubar da ruwa. Wanda ya sayi irinsu sau uku a shekara, in ya yi lissafi, ya kusa biyan kuɗin mai suna guda ɗaya.

Sama da su akwai Oraimo, na rukunin Transsion mai Tecno, Infinix da itel. Ƙarfinsa shi ne ana samunsa kusan a kowane gari, kuma maganar garanti ta fi sauƙi. Jerin BoomPop yana da samfura da dama, don haka a karanta kwali da kyau a ga ko ANC aka rubuta ko ENC.

Sai Soundcore na kamfanin Anker, wanda ya yi suna wajen kawo ANC a farashi mai sauƙi. Q20i da Life Q30 duk suna ba da awa 40 da ANC, awa 60 ba ita, cajin minti 5 kuma yana ba da awa 4. Suna haɗuwa da na'ura biyu a lokaci guda, kamar waya da kwamfuta. Daga kwali sautinsu yana da kauri sosai, har yakan danne murya, amma manhajar kamfanin tana ba da damar rage shi. Life Q30 ya fito a 2020 a kan kusan dala 80. Space One na 2023, mai kusan dala 100, ya ƙara da LDAC.

JBL, wanda ke ƙarƙashin Harman mallakar Samsung tun 2017, yana da Tune 720BT mai awa 76 amma babu ANC, da Tune 770NC mai awa 44 da ANC, awa 70 ba ita. A saman wannan rukuni Sony WH-CH720N yake, wanda ya fito a 2023 a kan kusan dala 150: awa 35 da ANC, ga rashin nauyi, sai dai ba ya naɗewa ya dunƙule. Waɗannan farashin fitowa ne. A kasuwa sukan sauka da shekaru, na naira kuma yana bin dala yana hawa da sauka.

Minti biyar a shago

A kan yawancin kaya, gani ya kori ji. A kan hedfon, ji ne ke korar gani. Mai saye ya je da wayarsa da sautin da ya saba da shi, ya haɗa da waƙa ɗaya da kuma magana zalla, kamar karatu, lacca ko labarai. Waƙa mai duka tana ɓoye aibi, muryar mutum kuwa tana tona shi: idan ta fito kamar daga cikin randa, hedfon ɗin ya cika kauri. A saurara a rabin sauti. A kashe waƙa a kunna ANC a ji ko rugugin janaretan kasuwa ya ja baya. A ɗauki saƙon murya a WhatsApp da makirfon hedfon ɗin a saurare shi, domin abin da abokin magana zai ji ke nan. A bar shi a ka na wasu mintuna, a girgiza kai, a sunkuya, a ji ko yana zamewa ko yana matse gefen kai.

JBL da Sony suna cikin sunayen da aka fi yi wa jabu. Hanya mafi sauƙi ta ganewa ita ce manhaja: a sauke ta kamfanin, Soundcore ko JBL Headphones ko ta Sony, a haɗa hedfon. Na asali zai bayyana da sunansa da hotonsa, jabu kuwa yawanci manhajar ba ta ganinsa. Wasu kamfanoni, irin Anker, suna manna lambar tantancewa da ake kankarewa a duba a shafinsu. Farashin da ya yi ƙasa ƙwarai da na sauran shaguna alama ce. A intanet a duba waye mai sayarwa, a fifita shagon kamfanin kansa. A karɓi rasit, a ajiye kwali har garanti ya ƙare. Game da na gwanjo, mai igiya ya fi aminci, domin batirin na Bluetooth ya riga ya ci wani ɓangare na rayuwarsa kuma sauya shi ba abu ne mai sauƙi ba.

Wa ya dace da wanne?

Mai zama kusa da inji ko mai yawan tafiya a mota ya sa ANC a gaba. Q20i ko Life Q30 sun isa, in aljihu ya kai kuma WH-CH720N. Wanda ɗakinsa shiru ne amma wuta ce matsalarsa, Tune 720BT ko wani mai dogon batir ya fi masa, ba sai ya biya kuɗin ANC ba. Mai tace bidiyo, mai haɗa sauti da mai wasan harbi su nemi igiya. Mai yawan kira da darasi ta intanet ya fara gwada makirfo kafin komai. Wanda kuɗinsa bai kai na mai suna ba kuma, iyafis mai igiya daga kamfanin kirki zai fi masa babban hedfon marar suna, har zuwa lokacin da zai cika kuɗin.

Ko wanne aka ɗauka, akwai gwajin ƙarshe da ake yi a gida. A zauna a wurin da aka saba saurare, a sa sauti a rabi. Idan ana jin komai sarai ba tare da hannu ya kai ga maɓallin ƙari ba, an yi sayayya mai kyau. Idan kuwa sai an ƙure kafin a ji, gara a mayar da shi tun rasit yana hannu. Hedfon idan ya lalace ana komawa kasuwa a sayo wani, kunne kuwa biyun nan ne ke nan.